Wankan Gawar Ramla

Ƙofar Sauri, Katsina
3 ga Fabrairu

Zuwa ga maigidana, Baban Sa'adiyya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, ya kuma gajiyar hanya da mutanen Gusau. Mu nan lafiya lau, alhamdu lillahi.

Tun ranar Alhamis da ka tafi wayarka a kashe take, shi ya sa na ba abokin aikinka Ɗanliti direba wannan takarda ya kawo maka tasha.

Ramla matar Alhaji Sammani, wadda ka ɗauko daga asibiti a motarka ran Laraba, Allah Ya yi mata rasuwa ran Juma'a da hantsi. Kamar kullum ni aka aiko ma in yi mata wanka. Na tafi da ƙanwata Fadila ta kama mani, ita ta tallabe ta ina zuba ruwa.

Shekara ashirin ina wankan gawa a unguwar nan, ban taɓa faɗin abin da na gani ba, ko gare ka. Yau zan faɗa. Akwai jini a dasashinta da hancinta, har wurin da aka yi mata allura bai bar tsattsafo ba. Alhaji ya ce ma mutane ciwon shawara ne. Na wanke masu shawara da dama, ba haka suke ba. Kuma shi bai shigo ya yi mata addu'a ba, daga bakin ƙofa ya tsaya yana ta cewa a hanzarta.

Sai wani abu. Ina shara bayan gida na tarar da ragowar rigar kujerar motarka a ƙone. Wata biyu ke nan da ka ɗinka ta. Me ya same ta? Me kuma ya kai ka Gusau, kai da layinka Kano?

Ka kira ni don Allah. Sa'adiyya na gaishe ka, watan haihuwarta ya kama.

Taka,
Baraka

*

11 ga Fabrairu

Baban Sa'adiyya,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kuma wannan karon ba gaisuwar baki ba ce, da gaske nake tambaya. Ɗanliti ya rantse mani hannu da hannu ya ba ka takardata, ka karanta, ka sa aljihu, ka ce ya gaishe ni.

Fadila ba lafiya. Tun ran Asabar take zazzaɓi da ciwon maƙogwaro, maganin maleriya bai yi mata komai ba.

Shekaranjiya wata ma'aikaciyar lafiya mai suna Larai ta zo gidan nan, ita da mutum biyu. Ta ce nas ɗin da ta kula da Ramla a asibitin kuɗin nan ta kwanta, an gwada jininta, zazzaɓin Lassa ne. Ta ce daga ɓera ake fara ɗaukar shi, amma jinin mai shi da aman shi ma suna sa wani ya kamu, ko bayan ya mutu. Yanzu suna bin duk wanda ya taɓa Ramla. Da na faɗa mata halin da Fadila ke ciki, ko zama ba ta yi ba. A ranar suka je gidanta a Kambarawa suka ɗauke ta zuwa inda ake killace masu cutar. Ni kuma an hana ni fita sai kwana ashirin da ɗaya sun cika, kullum ana zuwa a auna zafin jikina.

Kafin ta tafi ta duba takardar hannunta ta ce, "Hajiya, ina Malam Hussaini direba? A gidan nan aka ce yake."

Na ce me ya yi? Ta ce likita ya shaida ma Alhaji Sammani abin da yake zato, ya ce a kai Ramla babban asibiti a gwada ta. Alhaji ya ƙi, wai idan ta mutu can ba za a ba shi gawa ba. Sai aka sa shi ya sa hannu cewa da ganin damar shi ya ɗauke ta, aka nemi shaida. Ta nuna mani takardar. Na san sa hannunka, Baban Sa'adiyya.

Na so in ce ƙila ba ka san abin da ke rubuce ba. Amma wanda bai sani ba, ba ya ƙona rigar kujera.

Unguwa duk ta ɗauka. Mai kayan miya daga nesa yake aje mani a bakin zaure. Wasu na cewa ni na kwaso cutar a wani gidan rasuwa na kai ma Ramla, alhali gawarta kaɗai na taɓa. Alhaji Sammani ya aiko mani da buhun shinkafa, shi da bai taɓa ba ni ko goro ba. Na ce a mayar mashi.

Sa'adiyya ta haihu jiya, mace. A waya na ji kukan jaririyar, uwar mijinta ke yi mata wankan jego.

Na ba Larai sunan tashar da kake. Kada ka ɓuya in sun zo. Kai ka ciccibi Ramla ka sa a mota.

Matarka,
Baraka

*

25 ga Fabrairu

Baban Sa'adiyya,

Assalamu alaikum. Takardarka ta iso, na gode Allah da kwana ashirin da ɗayanka suka cika ba abin da ya same ka. Ni ma an sallame ni.

Ka riga ka ji Fadila ta rasu. Kwana bakwai ta yi a can. Larai ta ce da an kawo ta tun ranar da zazzaɓin ya fara, da maganin ya fi kama ta. Ba ni na wanke ta ba. Ma'aikata ne suka shirya ta sanye da rigunansu na kariya, liman ya sallace ta daga ɗan nesa, aka rufe ta da mutunci. Ba wanda ya ƙwace gawar kowa. Nas ɗin can ta tashi, an ce kunnenta ɗaya ya daina ji.

Na karanta bayaninka sau uku. Ka ce Alhaji ya sa ka rantse ba za ka faɗa ba. Ka ce tsoron kada ka shafa mani ne ya sa ka bar gari, kuma ba ka zaci za ta mutu har a kira ni ba. To wa za a kira? Akwai wata mai wanka a Ƙofar Sauri bayan ni? Kuma takardata ta farko ta same ka Fadila na tsaye da ƙafafunta. Kalma ɗaya a waya ta isa.

Ban sani ba ko in yarda da kai. Wata rana sai in ga tsoro ne kawai ya rufe maka baki, wata rana kuma sai in tuna shekara nawa kana ɗauko ma Alhaji kaya, in ce ko cinikin ne ba ka so ya ɓaci. Ni ma ban wanke kaina ba. Na ga jinin nan da idona, na san ba shawara ba ce, na rubuta maka takarda maimakon in je asibiti in faɗa. Kullum sai na tuna.

Ka tambaya ko ka dawo. Gidanka ne, ka dawo. Amma kafin ka shigo Ƙofar Sauri ka biya Kambarawa. Innarmu tana can tana riƙe da 'ya'yan Fadila uku, har yau cewa take ƙaddara ce ba wanda ya sani, har addu'a take yi maka wai kana can kana nema mana abinci. Ban gaya mata komai ba, kuma ba ni zan gaya mata ba. Ka zauna gabanta, kai da mijin Fadila, ka faɗa masu abin da likita ya ce a gabanka. In sun yafe, sai mu ga abin da zan iya.

Kada ka taho mani da tsaraba.

Wassalam,
Baraka