Turaren hannuna ne ya ɓata injin, amma Bitrus za a kora

Assalamu alaikum admin da masu bibiyar wannan shafi. Don Allah a ɓoye sunana, kuma a karanta har ƙarshe kafin a yanke mini hukunci, don zagin da nake wa kaina ma ya ishe ni.

Ina aiki a wani ƙaramin kamfani a Jebel Ali, nan ƙasar Larabawa, da ke haɗa ƙananan kayan lantarki. Aikina shi ne gyara da goge injin da ke daidaita faifan silikon kafin a buga masa zane da haske. Injin nan ya fi jariri laulayi. Ƙwayar ƙura ɗaya ta isa ta sa aikinsa ya karkace, shi ya sa ba a shiga ɗakinsa sai da rigar da ta rufe mutum ruf da safar hannu, ba turare, ba man shafawa. Mu biyu ne a kansa, ni da Bitrus, mutumin Kafanchan, wanda ya girme ni kuma shi ya koya mini aikin. Idan aiki ya kama mu ranar Juma'a shi yake riƙe mini in je masallaci, ni kuma in riƙe masa Lahadi.

Wancan satin, a ƙofar masallaci, wani dattijo ya shafa mini turaren oud a bayan hannu kamar yadda suka saba. Wa zai janye hannu? Na murza na shafe gemu. Da na dawo na ce wa Bitrus ya je ya ci abinci. Yana fita injin ya fara ƙorafi, na buɗe na ga wani ɗigo a madubinsa, na goga da tsumman aiki ya ƙi fita. Gaggawa da ganin na iya suka sa na zare safar na kai yatsa. Na bi da sipirit, na rufe, na yi shiru. Ashe maiƙon turaren ya zauna. Duk faifan da suka bi ta injin ranar sun lalace, kayan wani babban kwastoma, sai shara.

Manaja bai yi dogon bincike ba, shi a saninsa ina masallaci. Ya ce wa Bitrus khalas, wato shi ke nan, ƙarshen wata za a soke bizarsa. Ina tsaye a wurin, wallahi na bari aka ɗora masa laifina. Matata na da tsohon ciki a ɗakinmu na unguwar Karama, kuma zamanta a ƙasar nan a kan bizata yake. In na yi magana ina zan kai ta? Bitrus kuma 'yarsa na fama da sikila a gida, albashin nan ne maganinta. Kunyar kaina ta hana ni haɗa ido da shi, ko sallah na tayar fuskarsa nake gani.

Jiya a bas ɗin kamfani ya zo ya zauna kusa da ni. Da muka yi nisa ya ce a hankali, "Ƙanena, ranar da na buɗe injin nan na ji ƙamshin oud. Ka san ni ba na shafa turare."

Na tambaye shi me ya hana shi gaya musu.

Ya ce, "Ba daga bakina ya kamata su ji ba. Kai ma kana da iyali."

Ƙarshen wata ya matso, har ya fara haɗa kayansa. Jama'a, ku gaya mini gaskiya ko da za ta yi mini ɗaci, me zan yi?