Yayana ya watsa wa mijina ruwan soda, ni kaɗai na gani

Assalamu alaikum Admin da 'yan group, a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, kaina ya kulle.

Maigidana da yayana da muke ciki ɗaya sun haɗa hannu suka buɗe wajen yin kunun aya da madarar waken suya a Unguwar Dosa, ni nake ɗura musu a gora. Injin niƙan da suka saya dutsensa na tangaran ne, kuma tun ranar da aka kawo shi mai sayarwar ya ja musu kunne, ya ce kada a jiƙa dutsen a ruwan soda mai zafi, wato kostik ɗin nan da ake sabulu da ita, ya ce tana cin abin da ya riƙe tangaran ɗin har ya fara marmashewa. Bututu da tukunyar ƙarfe kawai za a wanke da ita, dutse kuwa buroshi da ruwan ɗumi.

Yaya shi ke wanke injin, mutum ne mai tsabta amma ba ya jin magana, ya ce waken suya na barin ƙarni, buroshi ba ya fitar da shi. Ashe kullum sai ya jiƙa dutsen a sodar. Sai kwastomomi suka fara cewa suna jin yashi a kunu, har wata mai shago a Badarawa ta zo ta zazzage mana gorunanmu a ƙofa gaban jama'a, ta ce yarinyarta ta tauna ɓarɓashi dasashinta ya yi jini. Maigidana ya kwance injin ya tarar dutsen duk ya rarake.

Nan faɗa ya tashi. Maigidana ya ce Yaya ya kashe masa sana'a, Yaya ya ce shi ba yaronsa ba ne, aka kai ga zagin iyaye. Maigidana ne ya fara kai hannu, ya mare shi, ya ɗauki sifana ya rafka masa a ka, jini ya wanke wa Yaya fuska. Ina ihu ina riƙe rigar maigidana ya hankaɗe ni na bugu da bango. Bokiti biyu ne a wajen, ɗaya na ruwa ɗaya na soda, Yaya da hannunsa ya haɗa ta da safe. Wallahi na ga ya tsallake na ruwan ya ɗauki na sodar ya watsa wa maigidana a fuska. Ƙarar da mijina ya yi har yanzu tana kunnena. Na ja shi bakin famfo ina ta kwarara masa ruwa, fatar wuyansa na saluɓewa a hannuna.

Yanzu yana asibiti, likita ya ce idon hagu sai dai addu'a. Yaya an yi masa ɗinki, yana hannun 'yan sanda, ya ce musu jini ne ya rufe masa ido ya zaci ruwa ne. Ummanmu ta riƙe hannuna tana kuka ta ce, "Ki ce ba ki gani ba, ki rufa min asiri, shi kaɗai gare ni namiji." Dangin miji kuma sun ce sai na dafa Alƙur'ani.

Jiya ina ba maigidana kunu a baki, fuskarsa duk bandeji, ya lalubo hannuna ya ce, "Maman Hanifa, ni ban ga komai ba, ke ce idona. Da gangan ya yi?" Na ce masa ya sha kununsa kar ya huce.

Gobe za a ɗauki bayanina. In na faɗi gaskiya na tura ɗan uwana gidan yari, Umma ba za ta ƙara kallona ba. In na ɓoye, da wane ido zan ci gaba da kallon fuskar mutumin nan? Jama'a, me zan ce wa 'yan sandan?