Matakala Goma Sha Tara

Litinin, 3 ga Maris
Yau a matakala ta sha ɗaya ƙafata ta ƙi. Goma sha tara ne daga shago zuwa ofis, ni na auna su, ni na buga su. Na tsaya na yi kamar ina duba ƙusa. Ma'aikata duk suka sunkuyar da kai kan aikinsu. Wato sun gani.

Alhamis, 6 ga Maris
Babban ɗana ya ce a sauko min da ofis ƙasa, shi ya koma sama. Cikin ladabi ya faɗa, ladabin ne ma ya fi ɓata min rai. Wanda ke zaune a saman nan shi ne mai shago, kowa ya san haka. Na ce in ya gaji da jira ya je ya buɗe nasa, ni ba wanda ya sauko min da komai.

Talata, 11 ga Maris
Asibiti, don uwar yara ta hana ni sakat. Likitar ko 'yata ta biyu ta girme ta. Ta ce in tashi daga kujera sau biyar ba dafawa. Uku na yi. An ɗebi jini.

Asabar, 15 ga Maris
Sakamako ya fito. Bitamin D ya yi ƙasa ƙwarai. Sinadarin maza ma yana raguwa, wai aikin shekaru ne, har da shi a zubewar naman cinyata. A gaban matata ta faɗi wannan. Na ce a yi min allura a mayar da shi. Ta ce bai kai nan ba, in sha ƙwaya, in ci ƙwai da kifi, in riƙa takawa. Sai ta ce, "Baba, yaushe rabonka da zama a rana?"

Rana. Shekara tara ina dakon katako a ka, ta gasa ni har fatar wuyana tana saɓulewa. Ranar da na buɗe shagona na kafinta na yi alkawari ni da ita sai hange. Tagar ofis na toshe da katako na sa na'urar sanyi, gilashin mota mai duhu, in shiga da sassafe in fito ta faɗi. Shekara talatin ina kiran wannan hutawa.

Ban gaya wa likitar ba. Ina ruwanta.

Laraba, 26 ga Maris
Minti ashirin a rana a bayan shago, inda ake shanya kujerun da aka fesa, don kar mutanen titi su gan ni. Tsohon mai fentinmu ya leƙo, ya kalle ni, ya kalli kujerun. "Maigida, kai ma jira kake ka bushe?" Tare muka tsufa, shi ya sa na ƙyale shi. Amma ban yi dariya ba.

Juma'a, 4 ga Afrilu
Na hau. Minti shida. Na ƙi saukowa cin abinci don kar in sake hawa. Wasu suka zo neman kujerun makaranta, ina jin muryarsu daga sama, babban ɗana ya gama da su tas. Ba wanda ya ce a kira ni.

Lahadi, 13 ga Afrilu
Likita ta ce sai an yi watanni, kuma ko an yi, ƙafar ɗan arba'in ba za ta dawo ba. Uwar yara ta sa an kafa min ƙarfen dafawa a banɗaki ba ta tambaye ni ba. Aikin a karkace. Na yi faɗa sosai.

Yana da amfani dai.

Talata, 22 ga Afrilu
Na ce a sauko da teburina. Don in sa ido kan masu yanka ne, suna ɓarnar katako da yawa. Ba wani dalili.

Teburin ya ƙi fita ta ƙofa. Na manta a cikin ɗakin na haɗa shi, kuma ba ƙusa ko ɗaya a jikinsa. Mutum huɗu suka yi ta juya shi, wani har yana neman zarto. Yaron ya leƙo daga sama ya ce, "Baba, ta ina ka fara?"

Ban hau ba. Daga ƙasa na riƙa faɗa masa, ya fara da ƙafar hagu ta baya, ya buga a hankali, kar ya sa ƙarfi. Ya yi yadda na ce. Gunduwa bakwai suka sauko da shi, ba tsagewa ko ɗaya.

Hannunsa ba laifi. Gobe zan nuna masa yadda ake mayarwa.