Kekenka da Hannun Umma

Sultana, Madina
Litinin, 11 ga Sha'aban, 1419

Zuwa ga Yayana Mahmudu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah, albarkacin wannan gari da aka yanke mana cibiya a cikinsa, ya sa takardar nan ta same ka lafiya, ya ba ka nasara a karatun haɗa magunguna da ya kai ka Ingila. Mu nan alhamdu lillahi. Yaya Habu ya koma aikinsa na ɗaukar kaya a filin jirgi, ciwon bayan nasa ya yi sauƙi. Amaryarsa Zulaiha ta tare daga Makka, wata biyu ke nan. Ni kuwa ina nan a banshar, shagonmu na faci, ina liƙe tayoyin bayin Allah. Jikin Umma ƙalau, idon ne dai kamar yadda ka bar shi, tana ganin mutum amma ba ta ganin rubutu. To gaisuwa ta ƙare. Malam ne ya koya mana a fara da sallama ko da faɗa za a yi, ni kuwa faɗa na zo yi da kai.

Ba sai na tuna maka ba, amma zan tuna maka. Ranar da mota ta buge Baba a hanyar Awali, yana kan kekensa da kwandon dabino, Umma ta tara mu mu uku ta ce kada ɗayanmu ya sake hawa keke tana raye. Ka amsa kafin kowa, har da hawaye. Ni da nake wuni cikin kekuna, wallahi har yau in na gyara, mai shi nake miƙa wa ya gwada. Kai kuma ko wata uku ba ka yi a can ba sai ga wasiƙa: wai ka samu abokai, duk Asabar kuna hawa keke kuna bin hanyoyin tsakuwa a kan tuddai. A cikin ambulan ɗin ka cusa wata 'yar takarda daban, ka ce Lurwanu, kai ne gwanin tsara zance, in za ka karanta wa Umma ka san yadda za ka yi da maganar keken, sannan ka ƙona wannan. Na ƙona, saboda ni wawa ne mai biyayya.

Shekara biyu ina wannan aiki. Ka rubuto cewa kun hau wani tudu da ba itace ko ɗaya, sai gajeriyar ciyawa mai jan fure da tumaki marasa makiyayi, har gajimare ya sauko ya rufe ku, ni kuma in ce wa Umma ka hau benen ɗakin karatu hawa bakwai, numfashi ya ƙare maka. Ka rubuto cewa kun gangara cikin wani kurmi inda rana ba ta taɓa ƙasa, tsakuwa tana tsalle tana dukan ƙafarka, in ce kun je ta'aziyya wata unguwa mai duhu. Abokinka mai jan gemu da ya faɗa rafi, limami na mai da shi, na ce santsin wurin alwala ne ya kayar da shi, har Umma ta yi masa addu'ar samun sauƙi. Ba zan ɓoye maka ba, na ji daɗin abin. Ni da na taɓa sa wa Yaya Habu ɗanyen ƙwai a takalmi ranar Idi, wannan ai wasa ne mai lada, a ganina. Kai kuwa ko kunya, kullum wasiƙar ƙara tsawo take, kana lissafa mini kowace kwana da kowane ƙyauren gona da kuka buɗe kuka rufe, kamar ni na aike ka.

Sai ka tashi yin gwaninta, ka ba Dakta Abdul'aziz saƙo da hannu da zai dawo daga kwas ɗinsa, ba ka ce masa ya kawo mini banshar ba. Bawan Allah ya wuce gida kai tsaye da hantsi, ya miƙa wa Umma. Ga Zulaiha a zaune, ita kuma ta iya ajami sarai. Da ta buɗe, hoto ne ya fara faɗowa: kai ne tsaye a ƙolin tudu, ka ɗaga keke sama kamar ka ci yaƙi, taɓo har kunne, da wani ɗan wando da ko ɗan dambe zai ji nauyin sawa. Umma ta tambaye ta me ke jikin hoton. Zulaiha ba ta san komai ba, ta faɗa mata. Sai Umma ta sa aka ɗauko gwangwanin da take tara wasiƙunka, Zulaiha ta karanta su ɗaya bayan ɗaya, ashirin da uku, har la'asar.

Na dawo da ledar burodin tamis a hannu ina waƙa. Da ta zage ni, ko ta jefe ni da takalmi kamar ranar ƙwai, da na ji sanyi. Ba ta ɗaga murya ba. Cewa ta yi: "Ido na ara a wurinka, Lurwanu. Shekara biyu ɗana yana ba ni labarin duwatsu da kurmi, kai kana ba ni bene." Na rantse mata kai ka sa ni. Ta ce in kawo shaida. Shaida kuwa ta zama toka tun bara waccan. Yaya Habu ya yi dariya ya ce wa zai yarda da rantsuwar Lurwanu, Mahmudu ai ba ya ƙarya. Ka ji fa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ga abin da ya hana ni sukuni. Tun rasuwar Baba, ni nake riƙe hannun Umma duk Juma'a in kai ta Harami, in tsaya da ita har ƙofar mata, in jira ta fito. Ko shugul ya yi yawa a banshar, maigidana ya san ba a taɓa mini wannan lokaci. Juma'a uku ke nan ina wanka in sa farar riga in tsaya a bakin ƙofa, ta fito ta miƙa wa Zulaiha hannu, su wuce ni kamar turken lantarki. Na bi su a baya har can, ina ganin tudu a hanya ba ni da bakin cewa Umma ɗaga ƙafa. Ko takardar maganinta ba ta yarda in duba mata. Kai da ka karya alkawari kana can kana shan iska da tumaki, ni da na riƙe nawa alkawarin ni aka kora. Na sani ramin ƙarya ƙurarre ne, amma mu biyu muka haƙa shi, don me ni kaɗai zan kwana a ciki?

Kuma kada ka ɗauka fushinta a kan keken ya tsaya. Wasiƙar kurmin nan sau uku ta sa Zulaiha ta maimaita mata. Na ji Umma tana cewa tun tana yarinya, kafin iyayenta su taso da ita zuwa nan, ta taɓa ratsa irin wannan wuri a goye, har yau tana tuna ƙamshin jiƙaƙƙen ganye. Mu da muka tashi tsakanin baƙin dutse da dabino, ina muka san tana da wannan a ranta? Wannan na hana ta ji, kuma wannan kam laifina ne, na ɗauka. Saura naka.

Dakta zai sake komawa can ranar Alhamis, kuma zai dawo kafin azumi. Zan ba shi wannan takarda da kaset sabo fil. Ban saka komai a ciki ba, ko kukan jaki, ka yarda da ni sau ɗaya. Ka zauna ka yi magana da bakinka, yadda ba mai karantawa a tsakani. Ka faɗa mata ka hau, ka faɗa mata kai ka rubuta 'yar takardar nan ka ce in ƙona, ka nemi gafararta. Kada ka yi mini dogon Larabci ko wa'azi. In ba ka aiko ba, khalas, hoton wandon nan zan liƙa a ƙofar banshar, duk Sultana ta san irin karatun da kake yi.

Yaya Habu yana gaishe ka, da Zulaiha, da Inna Hajo ta Awali, wadda ta ce ta ajiye maka dabinon bana. Ka gaishe mini da limamin rafi.

Kafin in rufe: Umma ta ce ba takardar da za ta sake fita gidan nan ba ta ji ta ba. Don haka na karanta mata wannan da safe, tun daga sallama, Zulaiha tana bin layi da yatsa a bayana. Ban tsallake ko wasali ba. Da na gama ta ce in ƙara maka wannan: "Ka ce masa ban yafe ba tukuna. Amma a kaset ɗin ya gaya mini inda hanyar kurmin nan ta ɓulle, don wasiƙar ta ƙare bai faɗa ba." Na tambaye ta Juma'a fa. Ta ce sai ta ji muryarka.

Hannun Umma yana wurinka, Yaya. Ka dawo mini da shi.

Ƙaninka da ba ya dariya yanzu,
Lurwanu