Ƙwallayen Gero Biyar

Yaya Barakatu,

Gaisuwa mai yawa daga Turkiyya. Ya ƙafar Umma, ya ɗinki, ya mutanen Samaru? Ni lafiya lau, sanyi ne kawai.

Albishirinki. Na zo na ɗaya a gasar ɗalibai ta cilla ƙwallaye sama ana cafewa, da ƙwallayen atamfar nan da kika ɗinka mini kika cika da gero. Ban saɓa umarninki ba. Ruwa bai taɓa su ba, kuma duk Juma'a ina shanya su saboda ƙwari. Na sauran 'yan gasa na roba ne, sai zillewa suke, naki kuwa da sun faɗo tafin hannu sai su zauna daram.

Sai dai da uku na yi wasan, ba biyar ba. Watan jiya abubuwa sun ɗan yi tsauri, na farke biyu, na niƙa geron na dama kunu. Kada Umma ta ji, ya wuce.

Alƙalan gasar sun tambayi kamfanin da ya yi su, na ce yana bayan kasuwar Samaru. Ki ɗinko mini wasu biyu. Na yi alkawari waɗannan ba za su ga tukunya ba.

Allah ya ƙara wa hannunki albarka.

Ƙaninki,
Suhail