Lallen Ƙafar Husaina

Gamkalley, Yamai, 3 ga Maris

Zuwa ga ƙanwata Zulaiha,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da Malam da duk mutanen Dogondutsi. Yaya gwiwar taki?

Kin ce in ba ki labarin jikokina. To, shekara goma sha biyu 'yata Safiatou tana neman ɗa guda, ta sha sassaƙe, ta sha allurar lokotoro a asibiti har cinyarta ta yi kanta. Da Allah ya tashi bayarwa, sai ya ba da huɗu rana ɗaya. Na ce mata nan gaba in tana roƙo ta riƙa faɗin adadi. Matan Hasana da Husaina, mazan kuwa don kada sunayen su yi kama mu rikice, sai mijinta Abdulaye ya sa musu Isaka da Bello.

Yau watansu uku. Igiyar shanyarmu ba ta taɓa zama wofi ba, ni kuma na koma mai wankin biberon shan madara da tsufana. Mazan ba su da wuyar ganewa. Matan ne kamar an tsaga kara, ga shi Husaina an haife ta da 'yar ƙofa a zuciya, sai an ba ta maganin siro safe da yamma, ba fashi. Robar suna da asibiti suka ɗaura mata a hannu tana cin fatarta, sai na yanke, na ɗiga mata lalle a tafin ƙafa yadda Innarmu ke yi wa 'yan biyu. Safiatou ta yi ƙorafi, na tuna mata ni na raine ta, ba roba ba.

Ki sa mu a addu'a. Taki,
Yaya Hasiya

Gamkalley, 29 ga Mayu

Zulaiha 'yar uwata,

Ina gaishe ki, ina tambayar lafiyarku duka. Na gode da ta'aziyyar da kika yi mana a waya. Wannan maganar kuwa bakina ya kasa faɗa, shi ya sa na ɗauki biro.

Kin san mun binne Hasana, wadda muke cewa lafiyayya. Ta ƙi nono kwana biyu, leɓenta ya yi duhu, kafin takasi ya kai mu asibiti ta cika. Kowa ya ce ajali, ni ma na ce.

Makon jiya muka kai Husaina awo. Lokotoro ya duba zuciyarta a na'ura har sau biyu, ya ce babu ƙofa, babu alamar an taɓa yin ta, a daina siro. Abdulaye ya yi sujada a wurin. Safiatou ta yi dariyarta ta farko tun rasuwar, tana cewa Allah ya karɓi ɗaya, ya warkar da ɗaya.

Ni kuwa a nan na tuna. Cikin zafin Afrilu Safiatou ta kwanta zazzaɓi, na yi kwana huɗu ni kaɗai da su. Lallen ya koɗe ban sabunta ba, har ranar da na yi musu wanka na duba ƙafafun matan biyu ban ga ɗigo ba. Na shimfiɗe su a tabarma, na kalle su, na ce ai na san jinina. Na ɗiga wa wadda na zaɓa, ban gaya wa kowa ba. Mako uku ina ɗura wa mai lafiya magani da hannuna, marar lafiyar tana kwance a gefe tana kallona.

Husaina muka binne, Zulaiha. Wannan da ta rage Hasana ce.

Jiya Safiatou ta miƙo mini ita, ta ce, "Inna, riƙe mini Husaina in ɗora ruwa." Da ta fita na kira yarinyar da sunan Hasana a kunne, ta juyo. To amma ita ko akuya ta yi kuka juyowa take yi.

Na so in tafi kabari da maganar, don in na faɗa zan ƙwace wa 'yata abu ɗaya da ke sa ta cin abinci. Amma sadakar arba'in ta matso, kuma malamai za su zauna su roƙa wa yarinyar da ke goye a bayana yanzu hasken kabari, ita kuwa wadda ke cikin ƙasa ba wanda zai ambaci sunanta. Wannan ba zan iya ba.

Zan gaya musu kafin ranar. Ki shigo mota ki zo, ko da gwiwar ce. Ba sai kin ce komai ba. Ki dai zauna kusa da Safiatou, don ban san ko za ta yarda in taɓa ta ba.

Yayarki,
Hasiya