Kafso a Cikin Kunu

Kafanchan, Talata da dare, Agusta 1994

Mun dawo daga asibiti ni da maigida, Baban Rahila. Shi ya yi barci, ni kuwa idona biyu.

Likita ya ce ba atuni ba ne, ba kuma basir ba. Wai bangon hanjinsa ne ya kumbura ya yi gyambo, shi ya sa jinin da yake gani a bayan gida yake tafiya yana dawowa. Ya ce a cikin kowa akwai ƙananan ƙwayoyi masu amfani da ke tsare hanji, amma kafson nan ja da rawaya na kemis bai san mai kyau da mugu ba, duka yake kashewa. Sai ya tambaya, "Wa ke ba ka shi?"

Ni ce. Tun lokacin haƙar citta nake fasa biyu ina zuba masa a kunu kowace safiya, don matan zumuntar cocinmu sun ce haka ake yi. Har yabon kaina nake, wai ina kula da miji.

Kafin in buɗe baki maigida ya ce, "Ni nake saya da kaina, likita." Mutumin da ko ƙofar kemis bai sani ba! Dattijon ikilisiya guda, ya yi ƙarya sabili da ni.

Likita ya ce ba kafson ne ya kawo ciwon ba, ƙara shi ya yi. Wannan ƙarin ne ya hana ni barci.

Da muka shigo gida maigida ya ce, "Maman Rahila, gobe ma ki dama min kunun."

Ya Ubangiji, da wane hannu?